Abin da Na Rubuta a Kanka, Kawu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, Allah Ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, wanda duk layinmu suka sani da Mai Agogo. Ya rasu a asibiti bayan jinyar kwana huɗu, ciwon ƙirji ne ya zama sanadi. Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, kuma babu mai ƙara daƙiƙa ɗaya a kan abin da aka ɗiba masa.

Na san lokacin daidai ne saboda Inna, matarsa, ta duba agogon da ke hannunsa kafin ta fito ta faɗa. Ta ce ko a cikin wannan hali ba ta iya yin akasin haka ba, domin shekara talatin ta yi da mutumin da ba ya yarda a ce masa "wajen hantsi" ko "can da yamma". Sai an faɗi ƙarfe nawa. Ni ina aji muna lissafi lokacin da maigadin makaranta ya leƙo ya yi wa malami raɗa. Da malamin ya kira ni da murya mai taushi, wadda ba tasa ba, na san abin da ya faru tun kafin in miƙe.

Kawu, yau kwana tara. Sau huɗu ina fara wannan rubutu ina yagawa. Ba na iya zama wuri ɗaya. In na ɗauki littafi sai in tsinci kaina a bakin ƙofa, in na je bakin ƙofa sai in dawo in ɗauki tsintsiya in share inda na riga na share. Umma tana ganin kewarka ce kawai, kuma kewar tana nan, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai tambayar da ka yi mini sau shida ban amsa ba. Ka tambaye ni abin da na rubuta a kanka a wata takardar makaranta, ni kuwa na yi ta kauce-kauce har ka tafi. Zan faɗa maka yau. Sai dai ka bari in fara gaya wa mutane wane ne kai, domin in na fara da takardar za su san ka ta layi ɗaya tak, kuma laifina ke nan tun farko.

Shagonka yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin shagon Tela da wurin masu buga takardu. In mutum ya miƙa hannuwansa biyu zai taɓa bango da bango. A gaba akwai akwatin gilashi inda kake jera agogunan da ka gama, a bayansa teburinka da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da marafan gwangwani cike da 'yan sukurori ƙanana kamar ƙwayar yashi. In ka maƙala madubin nan a idonka na dama, ka ɗauki hantsaki, har numfashi kake riƙewa. Na taɓa yin atishawa a kusa da teburin ina ƙarama, muka kwashe rabin yini a durƙushe muna neman sukuru ɗaya. Ba ka yi mini faɗa ba. Ka ce da ma ƙasan shagon tana bukatar a gaishe ta.

A bango akwai agogo goma sha ɗaya, yawancinsu na mutanen da suka kawo gyara ne ba su dawo ba. Wani ya shekara goma a rataye. Kowace safiya, kafin ka zauna, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka murɗa musu, ka daidaita wanda ya yi gaba ko ya yi baya. Na tambaye ka amfanin haka tunda masu su sun manta. Ka ce amanar mutane ce, ranar da mai abu ya dawo kada ya tarar da kayansa a mace.

Ba ka yi boko ba, lambobi kawai ka iya karantawa, don haka ba ka rubuta sunan kowa. Zare kake ɗaura wa kowane agogo, daga guntayen da ke zubowa a ƙasan keken Tela. Ja da ƙulli biyu na direban nan ne mai tari, kore da ƙulli ɗaya na matar da ke zuwa da tagwaye. Ban taɓa ganin ka ba wani kayan wani ba. Tela kuwa, maƙwabcinka na shekara ashirin da biyu, kullum sai ya ɗaga murya ta bayan bango ya ce, "Ɓarawon zare ya iso! Kai ka hana ni arziki." Kai kuma ka amsa ba tare da ka ɗago ba, "Wanda ya ɗinka mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo ba shi da bakin magana a unguwar nan." Haka kuke tun kafin a haife ni.

Ina aji huɗu na firamare ka ba ni 'yar takardar da ke zuwa cikin kwalin sabon agogo ka ce in karanta maka. Na karanta ina in'ina, rabin kalmomin ban san su ba. Ka saurara kamar ana karanta maka wasiƙar gwamnati, sannan ka ƙwala wa Tela kira ka ce daga yau shagon ya yi Sakatariya. Sunan ya bi ni har gida. Kai ne kuma ka fara lura cewa ba rashin sani ke hana ni amsa tambaya a aji ba, harshena ne ke maƙalewa in idanu suka yi mini yawa. Ka kara agogo a kunnena ka ce in saurara. Ka ce shi ma ba ya faɗin yini gaba ɗaya, ɗaya yake faɗi, sannan ɗaya. Da zan zauna jarrabawar shiga sakandare ka ɗaura mini agogon da ke hannuna yanzu. Fuskarsa daga wani agogo ta fito, cikinsa daga wani, maɗaurinsa daga na uku. Ka ce gawa uku ka haɗa suka tashi mutum ɗaya, in riƙe shi da daraja.

Ina tuna tsohuwar da ta kawo agogon mijinta da ya rasu. Irinsa ya ƙare a kasuwa, babu inda za a sami abin da ya karye a ciki. Ka zauna da guntun ƙarfe da ɗan zarto, kwana tara kana goga, har ka fitar da haƙorin da ya dace. Da ta kara shi a kunne ta ji yana tafiya, sai ta zauna a kan bencinka ta yi ta kuka. Kai kuwa ka juya mata baya kana goge gilashin da babu ƙura a kansa, har ta gama.

Duk Asabar da yamma kana zuwa gidanmu da riga a goge, takalmi yana ƙyalli. Kana shigowa za ka duba agogon bangonmu ka girgiza kai, ka hau kujera ka gyara shi. Umma ta kawo abinci, ka ce, "Na ci, ƙanwata, na ƙoshi. Ruwa kawai." Kullum haka. Mun ɗauka ɗabi'arka ce.

Yanzu takardar.

Malamarmu ta Turanci tana da ƙa'ida. Duk Litinin takan ba mu kalmomi goma, kowace mu saka ta cikin jimla. Amma jimlar dole ta zama gaskiya, abin da muka gani da idonmu. Takan ce kada wadda ta kawo mata labarin attajiri da jirgin sama, ta fi son ƙofar gidanku da ba ta rufuwa. Jimlar da ta fi kyau takan zana mata tauraro da jan biro, ta karanta ta a gaban aji. Shekara biyu ina ajinta ban taɓa samun tauraron ba.

A sati na biyu na watan Maris, kalma ta bakwai ita ce subsist. Malama ta ɗauki lokaci a kanta. Ta ce ba rayuwa ba ce irin wadda ake cewa wane yana zaune lafiya da iyalinsa. Ba kuma tsira ba ce daga haɗari ɗaya, kamar wanda ya fito da ransa daga motar da ta kife. Wannan da tata kalmar daban. Wannan ita ce riƙe rai kullum da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, yau a samu a haɗiye, gobe a sake nema, babu ragowa. Ta ce kusan kullum ana biyo ta da abin da mutum ya dogara a kai, kamar waɗanda jirgin ruwansu ya lalace suka koma ga kifi da ruwan sama, ko tsohon da ba shi da komai sai ɗan fansho. Wata daga baya ta ce, "Malama, ashe kalmar 'yan makarantar kwana ce," aji ya kwashe da dariya. Malama ta bari aka gama, sannan ta ce mu lura da abu ɗaya: kalma ce da aka fi faɗi a kan wasu, da wuya ka ji mutum ya faɗe ta a kan kansa.

Na yi jimloli tara a ranar, ta bakwai ta gagare ni. Washegari da aka tashi na biyo ta shagonka kamar yadda na saba. Ƙarfe biyu da rabi ne. Na tarar kana cin abincin rana, kuma a ranar ne na fara kallon abin da kake ci da idon mai neman misali. Shayi ne ba madara a cikin murfin filas, da burodi ƙarami. Ka raba shi biyu, ka ci rabi, ka naɗe rabin a leda ka saka a aljihun tebur. Ka tattara ɓurɓushin da yatsa ka kai baki. Na zauna har ƙarfe biyar, mutum ɗaya ne ya tsaya, shi ma hanya ya tambaya. Kowa ya wuce sai ya zaro waya ya duba lokaci, a gaban agogo goma sha ɗaya da ke tafiya daidai.

Na koma gida na rubuta jimlar a zama ɗaya. Ban ji komai ba sai daɗin cewa na sami misalin da ya zauna daram.

Ranar Juma'a Malama ta karanta ta a gaban aji. Ta ce wannan ita ce jimlar da ta san inda kalmar take zaune. Aka tafa mini. Ni da ban taɓa jin an tafa mini ba, kunnuwana suka yi zafi, ban san lokacin da aka tashi ba. Na fito da gudu da takardar a hannu, kuma wallahi, Kawu, a duk tsawon hanyar tauraron kawai nake gani, na manta da abin da ke ƙarƙashinsa. Kai ne mutum na farko da na so ya gani.

Ka goge hannunka kafin ka karɓa. Ka kalli jan tauraron, ka bi layin da yatsa, sai yatsan ya tsaya a kan kalmar agogo ta Turanci, wadda ka sani domin tana jikin allon shagonka. Fuskarka ta buɗe. Ka ce, "Kai! Wannan ai ni ne. Tela, fito ka gani, an saka ni a littafin makaranta, kai ko a ledar burodi ba a taɓa saka ka ba." Kafin in buɗe baki ka buɗe akwatin gilashin, ka jingina takardar a tsakiyar agogunan tana fuskantar titi, ka kulle. Sannan ka juyo ka ce, "To Sakatariya, me kika ce a kaina?"

A nan ne na tuna abin da ke ƙarƙashin tauraron. Na ce na rubuta cewa kana gyaran agogo.

"Duk wannan dogon layin?"

Na ce Turanci akwai tsawo. Ka yi dariya ka ce lallai Turawa ba su san darajar lokaci ba.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Takardar tana tsaye a bakin titi, duk wanda ya yi makaranta zai iya karanta asirinka a tsaye, kuma ni na kai ta da hannuna ina murna. Ka sake tambaya ranar Litinin, na ce ina sauri. Ka sake bayan kwana biyu, na ce sai na duba ƙamus. Na taɓa laɓewa a bayan wata mota har na ga ka tafi sallar la'asar, na zo na ja murfin akwatin, na tarar a kulle. Tela ya leƙo ya ce, "Sakatariya, wa ake nema?" Na ruga ko amsa ban ba shi ba. Bayan nan sai na sauya hanya. Nakan zagaya ta bayan tashar mota, tafiyar da ta fi tsawo da minti ashirin, don kada in bi ta gabanka. Sati shida na yi ban taka shagonka ba, ni da tun ina shekara tara ban taɓa yin kwana uku ban zo ba.

Ran Asabar in ka zo gida sai in shige kicin in ƙirƙiri wanke-wanke. Wata Asabar ka ɗaga murya daga kan kujerar da ka hau ka ce wa Umma, "Sakatariyata ta yi murabus ba takarda. Ki tambaye ta me ta rubuta a kaina, ko ke za ta gaya miki." Umma ta yi dariya ta ce kunya ce irin tawa. Na tsaya da kwano a hannu, ruwa yana zuba, ina jin kana shan ruwan da ka ce ya ishe ka. Na san abin da ke aljihun teburinka. Ni kaɗai a gidan na sani. Na ci gaba da wanke-wanken.

Tambaya ta shida a asibiti ce, ranar Lahadi. Ka rame har agogon hannunka yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Umma da Inna sun fita neman ma'aikaciyar jinya, aka bar mu mu biyu. Ka kalle ni ka ce da ƙyar, "Yanzu dai babu aji, babu ƙamus." Na buɗe baki, Kawu, na rantse na buɗe. Sai na ga robar iska a hancinka, na ce wannan ba ranar faɗin irin wannan magana ba ce. Na ce in ka fito zan gaya maka. Ka lumshe ido ka ce, "To. Ƙarfe nawa?" Na yi murmushi na ɗauka wasa ne. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Shekaranjiya, kwana bakwai da rasuwarka, na raka Umma shagon don a tattara kayanka. Makullin yana hannun Tela. Da aka buɗe, abin da ya fara dukana shi ne shirun. Duk agogunan bango sun tsaya, kowane a nasa lokacin. Umma ta shiga, ni na kasa, na tsaya a bakin shagon Tela ina kallon ƙasa. Kekensa a rufe yake da ƙyalle. Ya ce tun ranar bai iya taka shi ba, domin babu wanda zai ce masa ya rage ƙara.

Sai ya ce, "Sakatariya, zauna. Akwai maganar da ya hana ni faɗa miki, amma yanzu ba ya nan balle ya zage ni. Ya san abin da ke cikin takardar nan."

Ya ce kwana huɗu kacal da saka ta, mai kemis na tsallaken titi ya zo canjin batir. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, "Mai Agogo, wa ya rubuta maka wannan? Ka san me aka ce?" Ya fassara maka ita kalma bayan kalma, ya ba ka shawara ka cire ta, domin tonon asiri ce. Tela ya ce ba zai ɓoye mini ba, abin ya taɓa ka. Ka cire takardar ka saka a aljihu. Kwana uku ba ka sha shayinka a shago ba, kwana uku ba ka kira shi da sunan tsiya ba, har ya fara tsorata. A rana ta huɗu ya zo da safe ya tarar ka mayar da ita inda take. Ya ce maka, "Kai, ba ka da zuciya ne?" Ka ce, "Ƙarya ta yi? An ce ta rubuta abin da ta gani, ta gani, ta rubuta. Duk cikinku wa ya gani?" Ka sa mai kemis ya maimaita maka kalmar har ka riƙe ta. Daga nan in Tela ya ce maka ya aiki, sai ka ce, "Muna nan muna sabsis," ku yi dariya ku biyu.

Na ce to me ya sa ka ci gaba da tambayata, tunda ka sani. Tela ya ce shi ma ya tambaye ka, ya ce ka daina wahalar da yarinya. Ka ce masa agogon da hannunsa ke tafiya amma ba ya bugawa, gyaransa bai ƙare ba. Ka ce yarinyar nan hannunta ya iya faɗin gaskiya, saura bakinta, kuma ba a buɗe bayan agogo da ƙarfi, jira ake yi. Tela ya share ido da bayan hannu ya ce, "Kullum ƙarfe biyu da rabi sai ya gyara miki benci."

Ban san abin da zan yi da jikina ba. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. A daidai nan Umma ta kira ni daga ciki. Ta buɗe akwatin gilashin, takardar tana hannunta, rana ta sa jan tauraron ya koɗe. Ta ce, "Wannan ce wadda yake ta magana a kai? Karanta mini da Hausa."

Zan iya cewa na rubuta kana gyaran agogo. Umma ba za ta taɓa sani ba, Tela kuma ba zai tona ni ba. Harshena ya maƙale kamar yadda yake yi a aji. Na ɗaga hannu na kara agogonka a kunnena, ɗaya, sannan ɗaya. Sai na faɗa, a tsaye a gaban teburinka, da ƙarfi yadda har Tela ya ji ta bayan bango. Ga shi kai ma, Kawu, amsar tambayarka:

Kawuna mai gyaran agogo yana riƙe ransa da ƙyar, da shayi da rabin burodi, tun da mutane suka koma duba lokaci a waya.

Umma ta jawo aljihun teburin, ledar tana ciki, a ninke. Ta ce, "Tun watan Maris kika sani?" Na ce e. Ta ce, "Kika kai makaranta, ba ki kawo mini ba?" Na ga yunwar kawuna na kai ta aji aka tafa mini, alhali tsakanin shagonka da tukunyar Umma tafiyar minti goma ce. Na jira ta yi mini faɗa, na ma fi son ta yi. Sai ta zauna a kan bencina ta ce, a hankali, "Ni ma na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na gani, ban tambaya ba, don kada in kunyata yayana." Ta jawo ni ta zaunar kusa da ita. Bencin bai ishe mu ba, amma mun zauna.

Jiya na tambayi Malama ko ana iya faɗin kalmar a kan mutumin da ke dariya kullum, wanda ke goge rigarsa, wanda ya yi kwana tara yana goga ƙarfe saboda wata tsohuwa. Ta ce ana iyawa, domin kalmar abin da ke shiga ciki kawai take aunawa, ba ta san sauran mutum ba. Na gaya mata cewa na san wanda ya faɗe ta a kan kansa, yana dariya. Sai ta tambaye ni sunanka don ta saka ka a addu'a.

Shekaranjiyan, kafin mu rufe shagon, na hau kujerarka na murɗa wa agogunan, ina tsayawa in na ji ya fara tauri kamar yadda ka koya mini, na saita su da na hannuna. Goma sun tashi. Ɗaya, mai shuɗin zare da ƙulli uku, ya ƙi, kuma babu wanda ya san na wane ne. Mai benen ya ce za a iya barin shagon har ƙarshen wata. Tela ya ba ni makulli. Yanzu ta nan nake bi kowace safiya kafin makaranta, na daina zagayawa ta bayan tasha. Abin da zai faru da su bayan ƙarshen wata ban sani ba, kuma yana cikin abubuwan da ke hana ni zama.

Ka yafe mini, Kawu. Na sati shidan da na guje ka na fi neman yafiya, fiye da na layin da na rubuta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta rufa wa gidanta asiri shekara da shekaru ba wanda ya ji bakinta. Umma ta ce daga yau tukunyarmu ɗaya, kuma ba tambaya za a yi ba. Ina yi wa Umma ta'aziyyar yayanta da ya goya ta, da Tela wanda ya rasa abokin faɗansa, da duk wanda agogonsa ke rataye a bangon nan, ya zo ya karɓa, an riƙe masa amanarsa.

Allah Ya ji ƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah Ya dubi amanar da ka riƙe wa mutanen da suka manta da kai, Ya riƙe ka da rahamarSa. Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya ba mu idon gani da bakin tambaya tun mutum yana raye. Allah Ya saukar da kai a Aljanna, inda ba a raba burodi biyu a naɗe rabi saboda anjima. Amin.

Sakatariyarka.